Kekunan Auta Suna Cikin Kwali

Jiya na yi abin da uba mai son kwanciyar hankali ba ya yi, na kai wa 'yata ziyarar ba-zata a cibiyar koyon sana'a. Auta ta daɗe tana zuwa koyon ɗinki, kuma telan bakin layinmu ya yi mata alkawarin gurbi a shagonsa, in har ta iya haɗa riga kafin ƙarshen wata. Na ce bari in je in ga hannunta.

Ban ga hannu ba, ƙafa na gani. 'Yan mata ne jere a kan benci, kowace ta ɗora ƙafafu a kan guntun katako tana takawa gaba da baya, Malama na tafa musu don kada wata ta yi sauri. A bayan aji kuwa ga kekunan ɗinki sababbi fil a cikin kwalayensu, an jibge su har rufi.

Na ce, "Malama, ga ƙoshi ga kwanan yunwa?"

Ta ce, "Baban Auta, ba a buɗe kwali sai Mai Girma ya zo ya ƙaddamar. In na ɓare ko ɗaya, a bakin aikina."

"To, yaushe zai zo?"

"Yana majalisa, suna muhawarar kasafin koyar da sana'a."

Da yamma na zauna a teburin mai shayi muka kunna rediyo, don in ji abin da ya riƙe bawan Allah. Gaskiya suna aiki, kada a ci haƙƙinsu. Wani Ranka-ya-daɗe ya miƙe ya ce koyon ɗinki ilimi ne, a miƙa batun ga kwamitin ilimi. Wani ya ce a'a, aikin yi ne, na kwamitin ƙwadago ne. Na uku, mai hangen nesa, ya ba da shawarar kwamitocin biyu su tafi ƙasar waje su gano yadda ake zura zare a allura. Wannan kaɗai ce aka amince da ita babu gardama.

Mai shayi ya ce, "Maƙwabci, ka yi haƙuri. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Na ce, "Ai dutsen ma sai an ƙaddamar da shi."

Na yi dariya a wurin, amma da na koma gida raina ya ɓaci, don na san tela ba zai yi jiran gawon shanu ba.

Yau da safe Auta ta je gwaji, na raka ta. Ta hau keke ta taka, tela ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙafa mai ladabi irin tata ba. Sai ya miƙa mata zare ya ce ta saka. Yarinya ta juya keke ta nan, ta leƙa ta can, ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika da hawaye. Tela ya ce ta dawo in ta koya, amma gurbin akwai mai jira.

A hanya ta ce, "Baba, Malama ta ce mako mai zuwa za a ba mu takardar shaidar ƙwarewa."

Na ce Allah ya sa albarka. Ita wannan na tabbata Mai Girma zai samu lokaci ya zo ya miƙa da hannunsa.