Kafaɗar da Na Miƙa wa Mai Ɗori

Wata uku kafaɗata ta dama tana ciwo, tun da na faɗo daga kan kabu-kabu a hanyar Kusada. Da Goggo ta ce mu je wurin mai ɗori a Yashe, har da cika baki na yi: ni da na gama sakandare, jan hannu zai ba ni tsoro?

Mun tarar yana jan hannun wani ƙaton manomi, ƙaton yana kiran sunan uwarsa. Goggo ta fita sayen nono, ta bar ni ina jiran layi.

"Ɗiyata, wacce ce mai ciwon?" in ji tsohon mai ɗorin.

Sai na yi dabara. Na miƙa mashi ta hagu, don a lissafina lafiyayya ba za ta yi zafi ba. Ya tofa addu'a, ya murɗa, ya fizga. Ihuna ya fi na manomin.

Ya gama naɗe ta tam kenan, Goggo ta shigo. "Malam, ai ta dama ce!"

"To, kawo ta daman."

Sati biyu Goggo ke ba ni tuwo a baki. Har yau ko ludayi na miƙa a gidanmu sai an ce, "Wannan mai ciwon ce, ko ta gwajin?"