Kiran Mato a Ƙofar Rumbun Amana

A wani daji da damina ba ta daɗewa, akwai wani tsohon rimi mai ƙaton kogo, inda ƙananan dabbobi da tsuntsaye ke ajiye abincin rani. Rumbun Amana ake kiran wurin. Kowa da lokonsa a ciki, kowa kuma da kiransa na asiri. In ka zo ƙofa ka yi kiran, a buɗe maka. Mai tsaron ƙofar Jaba ne, makaho, kuma da gangan aka zaɓe shi, wai don kada ya ga fuskar manya ya yi son kai. Kunnensa dai ba ya kuskure. Kullum da hantsi yakan zauna cikin kogon ya bi kiraye-kirayen ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, don kada ya manta.

Wata kurciya mai suna Yalwa tana da loko a nan. Mijinta Mato ne ya buɗe shi da nasa kiran: sau uku a hankali, na huɗun ya karye a tsakiya, saboda wata ƙaya da ta taɓa maƙale masa a maƙogwaro tun yana ɗan shila. Shaho ya ɗauke Mato bara waccan. Bai bar mata ɗa ba, bai bar ko gashi ɗaya da za ta riƙa dubawa ba. Abin da ya rage mata shi ne geron da suka tsinta tare, wanda shi kaɗai zai kai ta damina, sai kuma kiran nan.

A bayan rimin akwai wata tsaga. Yalwa ta gano cewa in ta sauka a reshen da ke kusa da ita, tana jin Jaba yana bitarsa. Muryar Jaba ba daɗi, Allah ya sani, amma idan ya zo kan kiran Mato yakan karya na huɗun daidai inda marigayin ke karyawa. Don wannan kawai take zuwa kullum. Wani Aku ma yakan zo ya zauna a gefenta, shiru, kai a karkace. Ta ɗauka shi ma wani nasa ya rasa, har takan matsa masa wuri.

Ran nan Zomo ya zo ɗibar gyaɗarsa ya tarar da loko fayau. Jaba ya rantse Zomo ya zo jiya ya kwashe. Kafin la'asar an sami irin haka biyar.

Majalisar Rumbu ta zauna. Ma'aji Gafiya, shugabanta, ya gyara murya ya ce, “'Yan majalisa, abin da ke gabanmu babba ne. Ba hatsin da ya tafi nake nufi ba, wannan ya riga ya tafi. Sunan Rumbu nake ji. In muka ce an yi sata, gobe kowa zai zo ya kwashe nasa, mu zauna muna gadin iska. In muka yi shiru kuma, a ce mun ɓoye. Ina neman maganar da za a faɗa, a ji an faɗa, amma kada a ji komai.”

Kunkuru, mai kula da gyare-gyare, ya ce, “Ranka ya daɗe, batun tsagar nan tun shekara uku na sa shi cikin abubuwan da za a duba. Har yanzu yana nan a ciki, ban bari kowa ya cire shi ba.”

Aka yaba masa. Kwana huɗu aka yi ana auna kalmomi, lokuna tara suka ƙara tafiya, sannan Hankaka mai shela ya hau reshe ya ce, “Jama'a, Rumbun Amana na gaishe ku! Ajiyarku tana nan lafiya, in ban da wadda ba ta nan. Ana kyautata zaton wani kunne ya ji abin da ba nasa ba. Kowa ya zo da kansa ya canja kira. Kada ku faɗa wa kowa sabon, ko da ya ce mu muka aiko shi!”

A gaskiya, in aka ɓare ɓawon, shawarar da ke ciki mai kyau ce. Yalwa ma ta gane haka, don tana jin an ce kunne, Aku ya faɗo mata a rai. Ta je ta faɗa wa maƙwabciyarta, Bushiya Kuluwa.

Kuluwa ta ce, “Yaya Yalwa, ke da kika gan shi da idonki, me kike jira? Ni tun da sassafe na canja nawa. Tashi mu je, in raka ki.”

Suka je suka bi layi. Da aka zo kanta, Jaba ya ce, “Baiwar Allah, yi tsohon, sannan ki raɗa mini sabon. Sababbin a zuci nake bitarsu yanzu.”

Ta ce, “Malam Jaba, tsohon fa? Ina zai je?”

Ya ce, “Sai in tofar da shi. Ba ya ƙara fitowa daga bakina.”

“In ban canja ba fa?”

“Sai in ci gaba da yi da hantsi kamar kullum. Ba a ba ni umarnin dainawa ba.”

Yalwa ta yi tsaye. Na bayanta suka fara tsaki. Ta san abin da ya kamata, ba wauta ce ke damunta ba. Amma ji ta yi kamar an ce ta miƙa Mato ga shaho karo na biyu, da hannunta. Ta ce a hankali, “Gobe zan dawo.”

A hanya Kuluwa ta yi faɗa har ƙayoyinta suka miƙe. “Mato da kansa, da yana nan, shi zai fara korar ki ki canja! Kira ake ci da rani?”

Yalwa ta ce, “Na sani, Kuluwa. Hantsi ɗaya kawai nake so in ƙara ji.”

Hantsi ɗaya ya zama uku. A rana ta ukun, da azahar, tana shan ruwa a bakin tafki, sai ta ji shi. Ba muryar Jaba ba ce. Abin da makahon ke yi da siririn maƙogwaronsa, wani ya mayar da shi maƙogwaron tsuntsu, ya fito cikakke, mai taushi, sau uku, na huɗun ya karye. Mato ne sak. Ta tashi sama ba ta san ta tashi ba, zuciyarta cike da wani farin ciki da ta manta akwai irinsa.

Ta iske ƙofa a buɗe, Aku da danginsa suna jidar geronta. Da ta yi ihu ɗaya, da an taru, da wataƙila an ceci rabi. Ba ta yi ba. Ta sauka gaban Aku, ta ce, “Don Allah, ɗan'uwa, ka ƙara yi sau ɗaya.”

Aku ya dube ta, ya gane ta. Amma bakinsa cike yake da gero, kuma ba don ita zai zubar ba. Ya tashi ya bi sauran.

Washegari Majalisa ta zauna ta binciki kanta, ta tarar ta yi gargaɗi a kan lokaci. Aka umarci Jaba ya tofar da kiran duk lokon da ya zama wayam. Kuluwa ta raba ɗan abin da take da shi biyu, ko da yake abincin bushiya ba ya wuce wa kurciya a maƙogwaro da sauƙi. Da hantsi Yalwa ta sauka a reshen da ta saba, ta jira har rana ta take, ba ta ji komai ba.

A makon ne aka liƙe tsagar, kuma duk wanda ya ga aikin ya shaida cewa ko iska ba za ta shiga ba.