Ruwan Inabin Babbar Sallah

Shekarar da aka ce a gidana na Panyu, can ƙasar Sin, za a ci naman Sallah, na rantse ba za a sha lemon kwalba ba. Yayan matata, Alhaji Sabo, ya zo daga Kano saro kaya, kuma so nake ya koma gida da labarina.

Na shiga wani kanti da ake ba mutane ɗanɗanon ruwan inabi. Da Sinancin nan nawa da nake taƙama da shi, na tambayi mai kanti ko da giya a ciki. Ya ce, "Meiyou," wato babu. Ashe harshena ya karkace, tambayarsa na yi ko kayan sun tsufa.

Na kurɓa, na lumshe ido, na ƙara. Ɗacin na ce alamar na asali ne. Ɗumin ƙirji kuwa na ɗora wa zafin gari. Na sayi katan guda.

Ranar Sallah da kaina na tsiyaya wa kowa, ina ta jawabi. Alhaji ya yi bisimilla, ya kai kofi hanci, sai ya ajiye a hankali.

"Kai ka sha wannan?"

"Sosai ma, Yaya. Har da safen nan."

"Shi ya sa ka rungumi liman a Idi ka ƙi saki."

Matata ta shige kicin ta rufe ƙofa, amma kowa yana jin dariyarta.

Yanzu a kasuwar Canaan, inda mutanenmu ke saro kaya, sunana Sarkin Inabi. Ko ruwan alwala na miƙa wa mutum, sai ya shinshina tukuna.