Kirifto a Kan Turmi

Abubuwa da yawa sun ɓace mini a rayuwa, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuba kuɗi a asusun kirifto, kuɗin nan na intanet, ba. Ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba.

Ni malamin lissafi ne a wata kolej a Filinge. Mushe, wato malam da Faransanci, ake ce mini ko'ina, har a kasuwa, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya dace. Wanda ya jefa ni cikin wannan harka shi ne Sumaila, abokina tun muna lakwal, wato makarantar boko, wanda yanzu yake zaune a Yamai. Duk zuwan da ya yi gida sai ya zaunar da ni, ya buɗe waya, ya nuna mini wasu layuka kore da ja suna hawa suna sauka, ya ce, "Ka gani? Kuɗin gobe ke nan. Kai kana nan kana shaƙar alli." Ban gane komai ba, amma na riƙa gyaɗa kai, don bai kamata a ji malamin lissafi ya ce zane ya fi ƙarfinsa ba. Kafin ya koma ya saka mini manhajar, ya buɗe mini asusu, ya ce abin da ya rage in zuba kuɗi kawai. Ni kuwa tun ban zuba ko dala ba na fara yi wa sauran malamai bayani a ɗakin hutunmu. (Har na yi wa mai koyar da tarihi alkawarin zan riƙa rage masa hanya idan na sayi mota. Allah ya yafe mini.)

Na kwashi ɗan abin da na tara na kai wa mai shagon tura kuɗi, ya saka mini a waya. Daga nan sai tsoro ya kama ni. Kullum in buɗe manhajar, in dube ta, ta dube ni, in rufe.

Ana cikin haka bikin ƙanwar Rakiya, matata, ya zo. Ƙauyensu yana kan hanyar Bonkuku, ba nisa sosai a babur. Na ci ado da babbar riga ta shadda wadda ta sha bugu har tana ƙara idan na motsa, na kafa hula, na goge tabarau. Tabarau ɗin nan ba na gayu ba ne. Idan na cire shi, duk abin da ya wuce tsawon hannuna hazo ne kawai.

Sai in ɗan yi bayanin surukata, wadda muke kira Inna. Mace ce mai tsananin kunya irin ta mutanen da. Tun da na auri ɗiyarta ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa duban fuskarta ido da ido ba. Idan na je gaisuwa nakan durƙusa tun daga nesa, ita kuma ta juya gefe ta amsa wa bango. Takalmanta na fi sani da fuskarta. Kuma ina alfahari da wannan, don a duk surukan gidan ni ake buga misali da ni wajen ladabi.

An ɗaura aure da hantsi, aka shafa fatiha, maza muka koma ƙarƙashin rumfa ana rabon goro da dabino, shayi yana kan wuta. Sai wayata ta yi ƙara. Sumaila ne, muryarsa tana yankewa.

"Ka zuba kuɗin nan kuwa?"

Na ce ina wajen biki.

"Biki? Farashi ya faɗi warwas! Yau ne ranar saye. In ka bari har la'asar, ka yi asarar da za ka riƙa ba jikokinka labari."

Kafin in tambaye shi wani abu layin ya katse. Na duba waya, babu rezo, wato sabis, ko ɗigo. Wani maƙwabcin surukaina da ke kusa da ni ya ce in zaga bayan gida wajen rumbunan gero, nan ne kowa yake zuwa idan yana son kira. Na miƙe a hankali kamar mai zuwa kama ruwa, na sulale.

A bayan gida rezo yana nan, amma sai ka ɗaga hannu sama. Da ka sauke ya gudu. Na waiga na ga wani tsohon turmi a kife jikin darni, wato shingen karan geron da ya kewaye gidan. Na tattare riga na hau. (Na san ba girman magidanci ba ne hawa turmi. Amma a lokacin motata nake hangowa.) Da na tsaya a kai, kaina da kafaɗuna suka zarce darnin, rezo kuwa ya cika taf.

Na danna wajen zuba kuɗi. Sai manhajar ta ce, da Faransanci mai ladabi, tun da wannan ne karo na farko, dole ta tabbatar ni ne mai asusun. Wata da'ira ta fito, ta ce in saka fuskata ciki. Na saka. Ta ce babu haske sosai. Na juya na fuskanci cikin gida, inda rana take. Ta ce in cire hula. Na cire na cusa a aljihu. Ta ce in cire tabarau. Na cire. Duniya ta narke. Can ƙasa a gabana na hango wasu launuka, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, jere a inuwa, na ce a raina mata sun yi shanyar zannuwa. Kiɗan biki yana tashi daga ɗaya gefen gidan, saboda haka na tabbata kowa yana can.

Ta ce in ƙifta ido. Na ƙifta. Ta ce in yi murmushi. Na yi. Ta ce in juya kai dama, in juya hagu, a hankali. Na juya, ina ta murmushin, don ba ta ce in daina ba. Da'irar ta zagaya, ta zagaya, ta yi ja. Ba ta gane ni ba, in sake.

Na sake. Ta ƙi. Sai na yi tunani irin na mai ilimi, na ce ƙila ƙiftawar tawa ce ta yi sauri. Na fara yi da ƙarfi, ina runtse ido ɗaya in buɗe, in runtse ɗayan. Na faɗaɗa murmushin har dasashina ya sha iska. Na ɗaga gira. Na langaɓe kai gefe. Ja dai, ja dai. Zufa ta fara bin bayana, ga maganar Sumaila tana yi mini yawo a kunne. Ban san lokacin da na fara yi wa wayar magana ba, kuma da ƙarfi.

"Haba, ke kuwa! Sau nawa zan yi miki ido? Dube ni da kyau mana. Ni ne fa! Don Allah ki karɓe ni, ki daina ja mini rai. Duk abin da na mallaka na kawo miki."

Sai shanyar ta yi salati.

Na tsaya cak. Zani ba ya salati, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Na laluba tabarau na saka. Tsofaffin mata ne zaune a kan tabarma, sun keɓe daga hayaniya suna kasa goron biki. A tsakiyarsu, daidai saitin fuskata, ga Inna. Ranar ce na fara ganin fuskarta sosai, kuma ban daɗe ina ganinta ba, don nan take ta ja mayafi ta rufe har goshi. Gwaggo Mariyama, yayar surukina, wadda ba ta san kunyar kowa ba, ta miƙe tana tafa hannu.

"Lahaula! Mushe, mi muke gani haka? Uwar matar taka kake kashe ma ido? Kai ba hula, bisa turmi?"

Na buɗe baki in yi bayani, na ɗaga hannu in rantse, turmin ya goce. Na cafki darni. Darnin karan gero kuwa ba a yi shi don ya riƙe ƙato da babbar riga ba. Muka tafi tare, ni da shi, zuwa cikin gida. Na faɗi rub da ciki a bakin tabarmar, goro ya watse, kaji suka tashi. Da na ɗago, abin da ke gaban hancina takalman Inna ne. Ladabi ya motsa. Na gyara na durƙusa na ce, "Ina wuni, Inna." Ko azahar ba ta yi ba.

Kafin in karkaɗe riga labari ya kai rumfar maza, kuma ya ƙara kiɓa a hanya. Wasu sun ji an ce iskoki sun hau ni. Wasu sun ji hoton tsofaffi nake ɗauka in sayar wa Turawa. Aka kai ni zaure gaban Baffa Gado, babban gidan, dattawa sun kewaye shi. Rakiya tana bakin ƙofa, ido ya yi ja.

"Mushe," in ji Baffa, "mu mutanen kirki munka ɗauke ka. Gaya muna, da wa kake magana?"

Na ce da waya.

"Waya ce kake roƙo ta karɓe ka?"

Na ce e, kuɗi nake son zubawa a wani asusu, ita kuma sai ta ga fuskata.

"Asusun yana ina? Yamai?"

Na ce ba ya Yamai. Ba ya ko'ina. Wato yana ko'ina. Na ji kaina ina faɗin kalmomin da Sumaila yake faɗi, ina jera su ba tare da na san inda suka dosa ba. Dattawa suka dubi juna da irin kallon da ake yi idan ciwo ya yi tsanani. Baffa ya ce magana ba ta da wuya. In gaskiya nake faɗi, in je in sake yi a gabansu.

Haka aka yi. Dattawan gidan gaba ɗaya suka rako ni bayan gida, aka tayar da turmi, mutum biyu suka riƙe mini shi. Yanzu babu darni, saboda haka duk matan biki suna kallo, har mai kiɗa ya kashe na'urarsa. Na hau. Na cire hula. Na cire tabarau. (Wannan kaɗai ne rahamar da na samu a ranar, don ban ga fuskar kowa ba.) Na ƙifta ido sau ɗaya, na yi wani murmushi irin na wanda aka kama da akuyar mutane. Ja'irar manhajar nan, wadda ta wahalar da ni tun ɗazu, nan take ta yi kore.

"To, ta yarda?" in ji Baffa.

Na ce, "Ta yarda."

Gwaggo Mariyama ta rangaɗa guɗa. Gida ya kece da dariya, har da masu riƙe da turmi, na kusa sake faɗuwa. A tsaye a nan na tura kuɗin, na sayi abin da Sumaila ya ce in saya, na sauko. Baffa ya ce a nuna masa dukiyar. Na miƙa masa waya. Ya nisanta ta da ido, ya ga sifiri, da waƙafi, da wasu sifirai a jere kafin a kai ga ƴan lambobi can ƙarshe.

"Mushe, ban yi lakwal mai nisa ba, amma wanga ai sihiri ne."

Har yau ban sani ba ko sifiri yake nufi da irin furucinmu na nan, ko kuwa sihirin gaske. Ban tambaya ba. Duk wanda yake nufi, ban da bakin musu.

Da yamma na ɗaure darnin da hannuna, cikin babbar riga, surukai ƙanana suna miƙo mini igiya suna ƙifta mini ido. A hanyar komawa Filinge na goyo Rakiya a babur har muka yi nisa. Sannan ta ce, "Ashe kana da kuɗi ka ce mini ba ka da na anko." Na ce jari ne. Ta ce to. Can kuma na ji babur yana girgiza, na ɗauka taya ce ta yi faci, ashe dariya take yi a bayana har da hawaye. Farashin kuwa, da na duba bayan kwana biyu, ya ƙara faɗuwa. Sumaila ya ce wannan ma dama ce ta ƙara saye. Na kashe wayar.

Na daɗe ban taka ƙauyen ba. Ko gaisuwa sai dai in ba da saƙo. Rannan Rakiya ta je ta dawo da ƙullin kuka da daddawa, ta ajiye a gabana, ta ce Inna ta ba ta saƙo gare ni, kuma ta ce a faɗa mini yadda ta faɗa. Na gyara zama.

"Ta ce a gaya ma mai gidan naki ya daina ɓoyo. In wayar ta sake ƙin shi, ya yi haƙuri. Mu nan mun riga mun karɓe shi."

Na koma gaisuwa a satin. Na durƙusa daga nesa, ta juya ta amsa wa bango, amma na ga kafaɗunta suna motsi.

Game da kirifto, har yanzu ban san ko ci nake yi ko faɗuwa ba, kuma na daina yi wa kowa bayani. Abin da na koya bai da alaƙa da farashi. Idan waya ta ce ka cire tabarau ka yi mata murmushi, ka fara duba abin da ke bayanta tukuna. In kuma ka ga shanya, ka yi mata sallama.