Yadda Za Ki Ƙwace Babur ɗin Ƙanƙarar Kakanki Daga Bakin 'Yan Gwangwan

"Ba zan ba da makullin babur ɗin ba, Baffa."

Abin da Chisato ta faɗa ke nan ranar da Baffa Genzo ya miƙo mata hannu a ƙofar rumfar kayan gona. Ya gaji gidan shanun marigayi Sakuzo, kakanta, ya kuma kira 'yan gwangwan su kwashe tarkace. Cikin tarkacen har da babur ɗin tsohon, irin mai tafiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ya shekara goma sha tara a ƙarƙashin tamfol. In ke ma kina da irin wannan gawa a gida, da irin wannan baffa, bi matakan nan sau da ƙafa. Tabbas injin zai tashi. Ba a taɓa gwada su an faɗi ba, da yake mutum ɗaya ce ta taɓa gwadawa.

Mataki na 1: Ƙi, amma ki rusuna

Sunkuyar da kai kamar yadda aka koya miki, makullin kuma ya zauna inda yake. Ladabi aikin wuya ne, babu ruwansa da aljihu.

"Ke Injiniya," in ji Baffa Genzo, "shekara huɗu a jami'a, abin da kika koyo ke nan, kokawa da gawa? Ɓeraye ma sun tashi daga cikinsa, sun ga ba shi da gobe."

"Zai tashi."

"To, shi ke nan. Lahadin ƙarshe ta Fabrairu motar gwangwan za ta zo. In ya hau har bukkar makiyaya ta kan tudu ya dawo da ƙafarsa, naki ne, har rumfar. In ya gaza, ke za ki tura shi cikin motar da hannunki."

Kada ki nemi ragi. Ce kin yarda, sannan ki zaga bayan rumfa ki ji tsoronki ke kaɗai.

Mataki na 2: Sallami wurin aiki

Hutun mako guda kamfanin da take wa aiki a birnin Sapporo ya ba Chisato, alhali mako biyar ne tsakaninta da Lahadin. A mako na biyu ce mura ce. A na uku ce murar ta koma kan kakarki. A na huɗu kashe wayar. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, an sani, amma furen yakan kai kwana goma sha huɗu in ana yi masa ban ruwa.

Mataki na 3: Tashi gawar

Buɗe murfi. Kwashe ciyawa da kashin ɓera. Zubar da tsohon fetur, wanda yanzu warin fenti yake yi. Wanke kafireto, sauya fulogi, sannan ki ja igiya. Ki sake ja. Wajen ja na arba'in kafaɗarki za ta fara ba ki shawarar komawa birni, kada ki saurare ta.

A rana ta tara Kaka Tomi, matar marigayin, mai shekara tamanin da shida, ta leƙo da gasasshen dankali da man shanu.

"Kin zage shi kuwa?"

"A'a, Kaka."

"Shi ya sa. Kakanki sai ya ambaci uwar wanda ya ƙera shi yake tashi."

Chisato ta zage shi. Ya yi tari, ya cika rumfa da shuɗin hayaƙi, ya tashi. Wannan ba ya cikin littattafan jami'a, amma yana aiki.

Mataki na 4: Kuloci, inda masu baki ke yin shiru

Kada ki yi murna tukuna. Injin da ke ihu ba tare da kuloci mai kyau ba kamar ɗan siyasa ne, amo ne babu tafiya.

Ga yadda abin yake. Faranti biyu ne na ƙarfe, da bel a tsakaninsu. In inji ya ɗau wuta, wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi sai su buɗe, su matso farantan su damƙi bel, babur ya motsa. Sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke danne su, shi ke cewa yaushe. In ya gaji, kuloci zai kama da wuri inji ya mutu. In ya yi tauri, inji zai yi ta kururuwa, sannan ya zabura kamar ɗan maraƙin da aka kwance.

Sifirin na farko da Chisato ta sa mai tauri ne. Babur ya tafi, ita ta tsaya, da kai cikin tulin ƙanƙara, a gaban Baffa da direban motar madara.

"Injiniya, tuƙi aka koya miki ko ninƙaya?"

Kakkaɓe fuska, ki koma rumfa. Sifirin uku ta gwada. Ƙananan ƙarafan ta auna su ɗaya bayan ɗaya a sikelin waken Kaka, ta goge mai nauyi har suka zo daidai. Ta bi farantan da samfefa, takardar nan mai kaushi, ta wanke bel da ruwan ɗumi da sabulu, ta shanya shi kusa da murhu. Dokar ɗaya ce: bayan nan kada komai ya taɓa farantan. Ba mai, ba ruwa, ba yatsan da ya taɓa dankalin Kaka.

Mataki na 5: Lissafa komai, sannan ki tuna kina da kaka

Safiyar Lahadi, sanyi digiri ashirin da biyu ƙasa da sifiri. Maƙwabta sun taru, motar gwangwan tana gefe tana jira. Sai ga Kaka Tomi da kwalbar giyar shinkafa da ɗan ƙunshin gishiri, domin ba a fitar da abin hawa tafiyar farko ba a yayyafa wa tayoyinsa ba. Ta zagaya babur ɗin sau biyu.

"Ina tayoyin?"

"Ba shi da taya, Kaka."

"Duk abin da ke tafiya akwai abin da ke juyawa a jikinsa. Buɗe min."

Chisato ta buɗe murfi. Kaka ta duba, ta ga zagaye guda mai ƙyalli, wato farantin kuloci, ta tsiyaya masa rabin kofi, ta barbaɗa gishiri, ta tafa sau biyu.

Baffa Genzo ya san inji. Ya ɗaga kai yana kallon gajimare, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa.

"Kada ki goge fa, Injiniya. Albarka ce."

Kuma gaskiya ya faɗa. Ba a goge albarka a gaban tsohuwar da ta sa ta. Rusuna, ki yi godiya, ki rufe murfi.

Mataki na 6: Lallaɓa har ki ɓace

Ja totur a hankali. Bel zai yi ta zamewa yana kuka, warin ƙonanniyar roba da giya zai biyo ki. Ɗaga wa jama'a hannu kamar haka aka tsara.

Da ta shige bayan bishiyoyi Chisato ta kashe inji. Safar hannu ba ta cire bel, don haka ta tuɓe ta. Ta dirje farantan da ƙanƙara, ta yage rigarta ta ciki ta tsane su, ta bi bel ɗin taƙi bayan taƙi. Ƙarfe a irin wannan sanyi cizo yake yi. Da farko yatsu za su yi zafi, daga baya su daina. Kada ki ɗauka sauƙi ne ya zo.

Ta mayar da bel, ta ja igiya da hannun dama, don na hagu ya daina karɓar umarni. Kuloci ya kama sumul, babu zabura babu kuka. Babur ya ɗauki tudun nan kamar jiya ya sauko. A bukka ta ciro tsohuwar butar shayin makiyaya, ta rataya a wuyan babur don shaida, ta gangaro.

Mataki na 7: Karɓi nasara da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu

"Kun gani ko?" in ji Kaka Tomi, tana nuna wa maƙwabta kwalba. "Mako biyar yarinyar nan tana fama. Rabin kofi na zuba, ya tafi."

Kowa ya gyaɗa kai. Baffa ya sallami 'yan gwangwan, ya jefar da makullin rumfa cikin ƙanƙara ya juya. Duƙa ki ɗauka. Kada ki gyara wa Kaka zance, yau ko gobe.

Wanke hannu

Mai wannan jagora ba ta aiki kowa ba. Duk wadda ta bi ta ga ba daidai ba, ta kai ƙara wurin kafaɗarta da ta ba ta shawara tun farko. Amma kada a ce an ɓoye farashi. Takardar sallama daga kamfanin Sapporo ta riga Chisato isa gida. Likita a garin Nayoro ya yanke kan yatsu biyu na hannun hagunta da sanyi ya kashe. Baffa Genzo bai sake yi mata magana ba, sai dai ya aiko ta bakin Kaka. A garin kuma har yau giya ake yaba wa.

Babur ɗin yana rumfa, yana tashi a ja na biyu, wata huɗu a shekara. Chisato ta ce ba ta sayarwa.