Ranar da Na Hau Lilo da Jinjiri

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, wasu mutanen Maraɗi suka kafa filin wasa a Magama, dab da iyaka. Akwai wani lilo mai inji, kamar ƙatuwar tayar keke, da ke ɗaga mutane sama da tsayin rimi. Na sa sabon yadina, na tafi da matata Rabi da ɗanmu na uku, mai wata bakwai.

Rabi ta ce, "Malam, ba a hawa wannan abu da jinjiri."

Na ce, "Ɗan direba ne, tsoro ba ya cikin jininmu." Na karɓe shi a gaban jama'a, na hau ina ɗaga wa 'yan dako hannu.

Da muka kai ƙoli na leƙa ƙasa, na hango motocin Maraɗi kamar ƙwaro. Na danƙa yaron a hannun wata dattijuwa mutuniyar Maraɗi da ke gefena, na rungume ƙarfe, na rufe ido ina salati da ƙarfi.

Ana tsayar da inji na dira ƙasa, na nufi Rabi ina tangaɗi. Ta dubi hannuwana.

"Ina yaron?"

Kafin in buɗe baki sai ga dattijuwar, yaro yana dariya a kafaɗarta. Ta ce, "Wanga naka ne, ko ka bar mini?"

Yaron nan yanzu yana da furfura. Amma har yau, in na miƙa hannu zan ɗauki jika, Rabi sai ta ce, "Dakata, Malam, a nemo mutuniyar Maraɗi tukuna."