Wa Ya Mai da Baba Ɗanfito Fatalwa?

"Lafiya ƙalau, amaryata. Ya sanyin kogi? Ya ƙafar taki?"

"Ƙafata ta fi bakinka lafiya. Tashi daga tsugunnon nan, ban amsa ba."

Ya Gumsu ke nan a tsakar gidanta a Haɗeja, da hantsin wata Alhamis a kakar shekarar casa'in da biyar. Ta ci ɗamara, faifan sheƙarta na gefe, sai huci take yi. Wanda ya tsugunna kuwa jikanta ne Shu'ibu, malamin firamare, mai yawan iyayi da biro biyu a aljihu.

Shekarun baya an yi wani wasan talabijin, Mashigin Baba Ɗanfito, labarin wani tsoho mai kwalekwale, mai tumbi da dariya. Yau ya ɗauko akuya mai taurin kai, gobe 'yan kai amarya masu rigima, kuma bai taɓa kifar da kowa ba. Ya Gumsu ba ta taɓa fashin kallonsa ba a gidan Malam Filibus, mai talabijin ɗaya tilo a unguwar lokacin. An daɗe da daina wasan. Jiya sai ga Shu'ibu da ɗan littafi daga Kano, da sunan Baba a bango. Tsohuwa ta yi murna, ta tara mata shida masu taya ta aikin shinkafa, ya karanta musu bayan la'asar. Ashe littafin ban tsoro ne. Yanzu ga shinkafarta a yanke a tare a ƙetaren kogi, ranar Asabar za a saki shanu a fadama, matan kuma sun rantse ba mai shiga kwalekwale. In aka tambaye ni, duk abin da ta faɗa masa da safen nan kaɗan ne.

"Haba matar, mijinki ya kawo miki tsaraba, ki tare shi da tsiya?"

"Tsarabar banza! Na ce ka sayo mini Baba Ɗanfito, ka je ka kwaso mini gawa. Wai Baba ya mutu tun tuni, fatalwa ce ke tuƙi. Wai a tsakiyar ruwa sai ya ajiye sanda ya waiwayo, babu fuska. In an isa gaɓa a ƙirga mutane a ga mutum ɗaya ya ɓata. Baban da ko kaza bai taɓa jiƙawa ba!"

"To ai daɗin ke nan. Duniya ta ci gaba, tsohuwa. Yanzu mutane so suke gabansu ya faɗi."

"In faɗuwar gaba suke so su je su duba farashin taki. Ka san abin da ka jawo? 'Yar'azumi tun jiya ba ta leƙa randa ba, sai dai ta juya baya ta miƙa moɗa. Zainaba ta ga kan tarwaɗa a miya ta ƙwalla ihu, ta kifar da tukunya, maigidanta ya kwana da gaya. Rahila matar Malam Filibus, da 'yarta ta ba ta labari, ta ce yau ɗin nan za ta rubuta wa marubucin wasiƙa, ta kuma sa shi a addu'a, don ba lafiya gare shi ba."

"Ka ji mata! Samarin tasha kuwa rububinsa suke yi. Kwana uku ya ƙare a kasuwa. Har bina ake ana tambayar ko na ga na biyu a Kano."

"Samarin tasha a kan babur suke yawo. Wa ya taɓa ganin babur ya nutse a kwalta? Ka je bakin mashigi ka ga Gana mai fito. Tun asuba yake zaune shi da kwalekwale babu ko kare. Ya ce duk ranar da ya yi ido biyu da wanda ya rubuta abin nan, sai ya karya sandar tuƙi a gadon bayansa."

Shu'ibu ya ɗan gyara zama, ya taɓa biron aljihunsa.

"Gana ai tsufa ne ke damunsa, irin naki. Ki kwantar da hankalinki, in shanu sun cinye shinkafar ni zan ciyar da ke. Dama me kike ci? Kunu cokali uku."

"Kai za ka ciyar da ni? Mijin da tun da na aure shi ko ɗankwali bai taɓa saya mini ba? Kullum sai ka zo ka share mini ƙanzon tukunya, kana cewa ɗanɗanawa kake yi."

"To na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Ka sake ni da safe, da azahar ka dawo da kwano. Zauna, ban gama ba. Tsohuwar nan da Baba ya fara nutsarwa a littafin, ya aka ce take?"

"Na manta."

"Ni ban manta ba. Gajera, mai ɗingisa ƙafar hagu, tana ƙulle goro a bakin zani, in za ta shiga kwalekwale sai ta yi wa mai fito faɗa tukuna. Haƙoranta biyu."

"Tsofaffi duk kamarsu ɗaya ai. Ki je Kaugama ranar kasuwa, za ki samu irinki guda arba'in, har da canji."

"Ni haƙorana uku ne, mara mutunci! Ga su, ƙirga!"

"Kin gani? Ashe ba ke ba ce. Magana ta ƙare."

"Yanzu ta fara. Shu'ibu, ni ban yi boko ba, amma na yi shekara saba'in ina kallon mutane. Jiya kana tsakiyar karatu akuyar 'Yar'azumi ta shigo ta nufi shanyar kuka. Idonka ya bi akuya har bakin rumbu, bakinka kuwa bai tsaya ba. Sannan iska ta buɗe maka ganye biyu a haɗe, ka ci gaba tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Da kake karanta mini takardar asibiti fa? Layi ɗaya sai ka yi tari uku."

"Baiwa ce. Malamai muna da ido na uku."

"Ido na uku a gidan wa? Damina guda kana zaune a gindin darbejiyar can kana cika littattafan 'yan makaranta da jan biro. Na tambaye ka, ka ce jarrabawa kake dubawa. Wace jarrabawa ce mutum zai duba yana zare ido yana yi wa kansa gurnani?"

Shu'ibu ya waiga ƙofar gida ya ga ba kowa, sannan ya sassauta murya.

"Yi a hankali mana, Kaka. Sunan da ke bango ba nawa ba ne. Ko shugaban makarantarmu bai sani ba."

"Yau kuma Kaka na zama? Ina amaryar? To ka ji, nutsar da ni da ka yi bai dame ni ba, na san dama gadon tukwanena kake jira. Rage mini haƙori ya ɓata mini rai, amma shi ma zan haƙura. Baba Ɗanfito ne ba zan yafe ba."

"Mutumin da babu shi? Wasa ne fa, wani ne ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi."

"Na sani, ba yarinya ba ce ni. Amma duk daren wasan, marigayi kakanka ko kifi na tsalle cikin jirgi sai ya naɗe koma ya dawo. Ya yi wanka, ya ɗora ni a bayan keke har gidan Malam Filibus. In Baba ya yi dariyar nan tasa, kakanka ya riƙe ciki har hularsa ta faɗi. Tun da ya rasu, in na tuna dariyar ɗaya sai ta zo mini da ɗayar. Jiya da na rufe ido na nemo ta, sai na ga mutum ba fuska. Abin ya yi mini ciwo, Shu'ibu."

Malam mai ido uku ya rasa inda zai sa biyun ma. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke, kuma na tabbata ba labari yake tsarawa ba.

"Ban yi tunanin nan ba, wallahi. To yanzu ya za a yi? In je in ce musu ƙarya ce, babu fatalwa?"

"Sun san ƙarya ce, tsoron ne bai sani ba. Abu ɗaya zai fitar da shi. Ka bi su gida-gida ka ce kai ka rubuta."

"Ni? Ki rufa mini asiri!"

"Su a zatonsu wani shehin malami ne a Kano da ya ga abin da idonsa. Da zarar sun ji Shu'ibu ne, wanda yana yaro sai mutum biyu sun danne shi kafin a yi masa wanka, wanda ya shekara ashirin da bakwai a bakin kogi bai iya iyo ba, wallahi dariya za ta hana su tsayuwa. 'Yar'azumi ce fa ta tsamo ka a kwatami kana ihun kada, ruwan iya gwiwa."

"Sandar Gana fa?"

"Bayanka ne ko nawa? Kuma kai za ka fara shiga jirgin, ka zauna a can gaba inda kowa zai gan ka."

"A gaba? Inda yake lilo? Ke tsohuwa, so kike ki zama bazawara?"

"Na saba. Kai dai tashi."

Shu'ibu ya dube ta, ya dubi faifan sheƙa, sai dariya ta ƙwace masa, irin ta wanda aka kama hannunsa dumu-dumu a tukunya.

"Shi ke nan, kin ci. Na bi. Amma in na nutse, ki sani na tafi ban sake ki ba, sai kin yi mini takaba."

Ya Gumsu ta ɗingisa zuwa ɗaki. Aka ji tana ture kaya, sai ga ta da wani ƙaton gora na masunta, ya yi baƙi don tsufa, bakinsa ya sha ɗinki. Ta goge shi da gefen zani, ta dangwara masa a cinya.

"Na kakanka ne. A kansa ya yi iyo shekara arba'in, bai taɓa sakin mai shi ba. Rungume shi da kyau, na ba ka. In mun gama bugu da sheƙa, ka ɗauko jan biron nan ka zauna, ni zan faɗa kana rubuta na biyu. Baba zai mayar da mutanen nan gaɓa ɗaya bayan ɗaya, da fuskarsa, yana dariya."

"Tsohuwar ma a dawo da ita? Masu karatu sun ji daɗin tafiyarta fa."

"Ita ce ta farko. Kuma ka mayar mata da haƙorinta."